Wasa a makarantar yara: yana gyara hali ko yana zubar da kwarjinin karatu?

Maman Hafsa (Hindawiyya, Makka):
Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwa. Akwai maganar da nake so a taya ni dubawa. Ina koya wa yaran unguwarmu karatu a gida bayan La'asar, daga 'yan shekara 5 zuwa 11: ƙa'ida, ƙananan surori da azkar. Wajen hadda ba ni da kuka da su. Hali ne ya dame ni. Yaro zai kawo miki hadisin gaskiya tsaf da Larabcinsa, ya sauka ƙasa ya shara wa mai bakala (ɗan kantin unguwa) ƙarya. Yarinya za ta biya Ara'aital lazi har "wa yamna'unal ma'un", ƙanwarta ta roƙe ta aron fensir ta hana.

Shi ne na ware rabin awa duk ranar Alhamis muna wasa. Na yanka kwali na yi katuna, kowanne da tambaya. Misali: ka tsinci riyal 50 a ƙofar masallaci, me za ka yi? Ko: ka fasa kofi ba wanda ya gan ka, Mama ta kama ƙaninka da faɗa. Wasan jini-jini ma na juya shi, in ce "cin abinci da dama?" su ce "sunna!", in ce "leƙa gidan maƙwabta?" wanda bakinsa ya kuɓuce ya ce sunna ya fita. Yara suna ɗokin Alhamis sosai. Amma iyaye biyu sun aiko mini cewa ba wasa suka turo 'ya'yansu ba. Don Allah malamai, akwai laifi a ciki? Ku kuma da kuka gwada, yana canza wani abu?

Baba Alhaji (Misfala, Makka):
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya biya ki, aikin da kike yi ba ƙarami ba ne. Amma ni ina bayan iyayen nan. Mu da allo muka yi karatu, daga babbaƙu zuwa farfaru, a tsugune gaban malam. Ba a taɓa yi mana kati ba, kuma ga shi har yau in za mu wuce babba sai mun rusuna. Alƙur'ani yana da kwarjini. Allah ya ce "innahu la ƙaulun faslun, wa ma huwa bil hazli". In yaro ya saba ganin inda ake karatu nan ake shewa da tafi, girman wurin ya fita daga idonsa, kuma in ya fita ba ya dawowa da sauƙi. Sannan yaran yanzu wasa ne ya yi musu kaɗan? Daga makaranta sai jawwal, wato wayar hannu, har barci. Ɗan lokacin da aka ƙwato musu don karatu shi ma a yanka a ba wasa?

Abu Yasir (Jidda):
Baba ya faɗi abin da ke raina.

Ustaz Abu Anas (Madina):
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kan kwarjinin Alƙur'ani ba mu da ja, lokacin tilawa lokacin tilawa ne, kuma Mus'hafi ba abin wasa ba ne. Amma abin da Malama take yi ba tilawa ta mayar wasa ba, ladubba take koyarwa, kuma wannan yana da asali.

Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz, Allah ya yarda da ita, ta ba da labarin azumin Ashura. Ta ce suna azumtarsa, suna sa ƙananan yaransu su azumta, sai su yi musu abin wasa da gashin tumaki. In ɗayansu ya fara kukan yunwa sai a miƙa masa, ya shagala da shi har a sha ruwa. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. A duba da kyau: ibada ce mai wuya, yunwa ce ta gaske, kuma abin da sahabiyyai suka ɗauko don yaro ya jure shi ne abin wasa.

Na biyu, kacici-kacici. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa sahabbai a cikin bishiyoyi akwai wadda ganyenta ba ya zuba, misalinta misalin Musulmi, ku gaya mini wace ce. Mutane suka yi ta kawo bishiyoyin daji. Abdullahi ɗan Umar ya ce zuciyarsa ta ba shi dabino ce, amma ya ji kunyar magana don ga manya a wurin. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar ya nuna da ya faɗa da ya fi masa daɗi. Imam Bukhari a Littafin Ilimi ya sa hadisin nan, ƙarƙashin babin malami ya jefa wa almajiransa tambaya don ya gwada abin da suka sani. Katunan Malama ba su yi nisa da wannan ba.

Baba Alhaji (Misfala, Makka):
Ɗana, hadisan nan haka suke. Amma ka lura, uwa ce ta yi wa ɗanta. Gida daban, wurin karatu daban.

Ustaz Abu Anas (Madina):
Gaskiya ne Baba, uwa ce. Sai dai a lafazin Muslim ta ce suna tafiya da yaran masallaci, can suke yi musu abin wasan. Kuma Imam Gazali, wanda ya rasu 505 Hijira, da yake maganar tarbiyyar yara a littafinsa Ihya ya ce a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa da takura masa da karatu kullum yana kashe zuciyarsa, ya dushe basirarsa, har ya fara neman dabarar guduwa daga karatun gaba ɗaya. Mu duba 'yan shekara 14 da 15 da suka bar halƙar karatun Alƙur'ani a unguwanninmu, mu tambaye su abin da ya kore su.

Baba Alhaji (Misfala, Makka):
To Gazali cewa ya yi bayan ya taso. Bai ce a cikin darasi ba. Amma bari in kama wani abu a katin 'yata, don ku ga abin da nake tsoro. Ta ce ka tsinci riyal 50 a ƙofar masallaci. 'Yata, wace amsa kike karɓa?

Maman Hafsa (Hindawiyya, Makka):
Baba, wanda ya ce zai kai wa liman ko ladan a yi cigiya shi nake ba maki. Wanda ya ce zai yi sadaka da shi nakan ba shi rabi.

Baba Alhaji (Misfala, Makka):
Na farkon daidai ne. Na biyun kuwa a garin nan bai kamata ya samu komai ba. Ranar da aka buɗe Makka, Annabi ya faɗi hukunce-hukuncen alfarmar garin nan, a ciki har da cewa ba a ɗaukar tsintuwarta sai ga wanda zai yi cigiya. Yaron Makka dole ya tashi da sanin wannan, domin kuɗin da ke faɗuwa a titunanmu da yawa na baƙin Allah ne, wani gonarsa ya sayar ya zo. Wannan shi ne abin da nake ji wa tsoro a wasa. Wasa yana son amsa gajera da sauri, fiƙihu kuwa yana son a zauna.

Ustaz Abu Anas (Madina):
Wannan gyaran na Baba a riƙe shi. Duk katin da ya shafi hukunci a nuna wa mai ilimi kafin ya shiga hannun yara.

Abu Yasir (Jidda):
Ni gyaran waya nake yi, bari in yi magana kan na cikin jawwal, don da yawa daga iyaye da sun ji an ce wasan Musulunci sai su sauke wa yaro su ce sun huta. Na sauke wa ɗana wani na koyon alwala. Ana jera hotuna, ka taɓa hannu, ka taɓa baki, ka taɓa hanci, in ka jera daidai taurari su zubo. Cikin kwana kaɗan ya gama matakan duka. Ranar Juma'a na tsaya a kansa a bakin famfo. Ya wanke hannu bai kai gwiwar hannu ba, ya watsa wa ƙafa ruwa diddige a bushe. Jerin ya sani sarai, alwalar ce bai iya ba. Sai da na tsuguna na kama ƙafarsa na cusa ɗan yatsa tsakanin yatsunsa, na ce nan ma ruwa yake shiga, sannan ya gane.

Ga kuma talla. Yawancin na kyautar da talla suke cin abinci. Yaro yana tsakiyar addu'ar barci sai hoton da ko ni babba ba zan so gani ba ya faɗo, ko tallan wani wasan harbe-harbe, ya taɓa, shi ke nan an tafi da shi. Wayoyin da iyaye ke kawo mini gyara ina ganin abin da ke ciki. Manhajar azkar tana can ƙarshe ba a buɗe ta ba tun ranar da aka sauke.

Ɗan Zazzau (Riyad):
Yaya Abu Yasir, kada a yi musu kuɗin goro. Ni kwamfuta nake karanta, kuma akwai abin da waya ta fi kati iyawa: furuci. Yaro ya taɓa harafi ya ji ƙari mai kyau ya furta, ya maimaita iya son ransa ba mai gajiya da shi. Uwar da ita kanta ba ta bambanta sad da sin ba, wannan taimako ne babba gare ta. Maganar talla kuma akwai maganinta, a sauke wanda ke aiki ba intanet a kashe data kafin a miƙa. Amma na yarda ba na jarirai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana.

Abu Yasir (Jidda):
Furuci na yarda. Amma Malama hali ta tambaya, ƙanina. Waya ba ta san yaro ya yi ƙarya ba.

Ummu Bilal (Jidda):
Assalamu alaikum. Ni 'yar Gadarif ce ta ƙasar Sudan, aure ya kawo ni nan. Tun ɗazu nake karantawa, kuma ina ganin duk an tsaya kan abin da aka rubuta a katin. Ni a ganina tarbiyyar ba a rubutun take ba, a cikin yin wasan take.

Bayan yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, 'yan uwanmu da dama sun zo, yara sun daɗe ba makaranta, ga tsoro a zukatansu. Na tara na gidanmu da na maƙwabta. Ba ni da kati, dara na zana musu a kwali, muka samo ƙwallayen dabino da marafan kwalba. Wata rana ina yanka albasa ina kallonsu ta gefen ido. Ɗaya ya juya zai sha ruwa, ɗayan ya sa ɗan yatsa ya tura marfinsa gida guda. Ban ce komai ba sai da ya ci wasan yana tsalle. Na kira shi kicin shi kaɗai, na ce wa ya ci? Ya ce ni. Na ce wa ya ga yatsanka? Ya yi shiru, idonsa ya kawo ruwa. Na ce ni na gani, amma ba ni ce abin ji ba. Da kansa ya koma ya gaya wa ɗan uwansa, suka sake sabo, aka cinye shi. Wannan yaron da za ki ba shi katin "shin ha'inci halal ne?" da gudu zai ce haram ya karɓi makinsa. Kowane yaro ya san amsar da babba ke so.

Saboda haka 'yar uwa, ki ci gaba da wasanki, amma idonki ya fi zama kan yaran fiye da kan katin. Wa ke leƙa amsar wani, wa ke kumbura in an cinye shi, wa ke yi wa wanda ya fita dariya, wa ke ba ƙaramin cikinsu dama. A nan za ki samu abin gyarawa, kuma da zafinsa. A darasi yaro a ɗaure yake, ba za ki ga halinsa ba.

Baba kuma, Allah ya ja kwana, a khalwarmu ta Sudan, wato makarantar allo, ma ba bulala kaɗai ba ce. In yaro ya kai wani matsayi a karatu ana yi wa allonsa sharafa, irin zayyanar da ake yi a ƙasar Hausa, ya ɗauka ya zaga dangi ana ba shi kyauta. Da dare in wata ya haska kuma yara su fita shilel, a jefa ƙashi cikin duhu a yi ta nema. Iyayenmu sun san yaro yana buƙatar farin ciki.

Baba Alhaji (Misfala, Makka):
Allah ya yi miki albarka 'yata, Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Abin da kika yi wa yaron nan shi ne tarbiyya. Amma ki lura ke ce kika yi, ba darar ba.

Ummu Bilal (Jidda):
Amin Baba. Ni ce, amma da ba darar da ban ga yatsan ba.

Gwaggo Hajiya (Jarwal, Makka):
Ni tambaya gare ni. Surukata ta manna takarda a jikin firij, sunan kowane jika da salloli biyar, wanda ya yi sallah a manna masa tauraro, wanda ya fi yawa ranar Juma'a a saya masa abu. Raina bai kwanta ba amma na rasa abin da zan ce mata.

Ummu Bilal (Jidda):
Gwaggo, ranki ya gaya miki gaskiya. Wa ke shaidar an yi sallar? In yaron ne da bakinsa, to an buɗe masa ƙofar ƙarya a kan sallah, wadda ta fi rashin tauraro muni. Sannan ki tuna 'yan mata. Yarinyar da ta fara al'ada layinta zai zauna ba tauraro kwana da kwanaki, a jikin firij, gaban yayyenta maza. Ko dai ta ji kunya, ko ta tashi ta yi sallar da ba ta halatta gare ta ba don ta rufa wa kanta asiri. Na san yarinyar da hakan ta faru da ita.

Ustaz Abu Anas (Madina):
Maganar Ummu Bilal tana da nauyi. Ga ɗan shekara 7 da ake fara umarta da sallah, ƙarfafa gwiwa da kyauta ba laifi, amma a ba shi don an gan shi ya tashi da kansa, kada a mayar da ibada tsere tsakanin 'yan uwa, kuma a riƙa janyewa yana girma har ya san don wa yake yi.

Tunda an zo kan kyauta, akwai abubuwan da ake sakaci da su. In kin ce wanda ya ci yana da kaza, to ki bayar. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir cewa mahaifiyarsa ta kira shi yana yaro, Annabi yana zaune a gidansu, ta ce zo in ba ka. Annabi ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba za ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Malamin da ke koyar da gaskiya da wasa sannan ya ce "sai wani satin" har sati ya zama wata, ya rushe darasinsa da hannunsa. Kuma kyautar ta fito daga malami ko wani mai taimako. Kada a ce kowane yaro ya kawo riyal 2 wanda ya ci ya kwashe, wannan caca ce ko da tambayoyin na Sira ne.

Ɗan Zazzau (Riyad):
Ustaz, to irin allon nan mai tsani da maciji fa? Na ga an yi na Musulunci, tsani aikin lada, maciji zunubi, gidan ƙarshe Aljanna. Da ɗan lido ake jefawa.

Ustaz Abu Anas (Madina):
Ni ba na ba da shawararsa. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi wasan nardu, wani wasa da ake jefa ƙwaya irin ta lido, kamar ya tsoma hannunsa a naman alade da jininsa, kuma malamai da yawa sun shigar da duk wasan da ya dogara kan jefa wannan ƙwayar a ciki. Ko an ajiye wannan, duba abin da allon ke koyarwa. Yaro bai zaɓi komai ba, lamba ce ta jefa shi kan "ka yi gulma" ya gangaro, lamba ce ta kai ɗan uwansa Aljanna. Muna so ya san aikinsa ne ake tambayarsa a kai. In ana son allon, a cire ƙwayar, amsar tambaya ko wani aiki da yaron ya yi ya zama shi ke ciyar da shi gaba, kuma gidan ƙarshe a sa masa wani suna. Aljanna ba hannunmu take ba balle mu raba ta a kwali.

Gwaggo Hajiya (Jarwal, Makka):
Ni roƙona ɗaya, 'yata Maman Hafsa, ki riƙa yin wasan nan da Hausa. Jikokina in na yi musu magana da Hausa da Larabci suke amsa mini. Ko "sannu da aiki" ba su iya ba. Kunya da gaishe da manya da muke faɗa, rabinsu a cikin harshen suke.

Maman Hafsa (Hindawiyya, Makka):
In sha Allah Gwaggo, dama jini-jinin da Hausa muke yi, katunan ne da Larabci, zan rubuta bayansu da Hausa. Na gode ƙwarai iyayena. Abin da zan yi: sai an shafa fatiha an tattara Mus'hafai an ɗora sama, mu tashi daga tabarmar karatu mu koma tsakar gida, sannan a fara. Katunan hukunci zan ɗauki hotonsu in turo wa Baba da Ustaz su duba.

Baba Alhaji (Misfala, Makka):
Turo, zan duba. In an raba wuri an raba lokaci, ƙananan ba ni da magana. Amma wanda ya kai shekara 10 ni har yanzu ina ganin ya wuce kati da shewa. Shekarun da aka ce a tsananta masa kan sallah ke nan, a raba masa makwanci. A fara ɗaukarsa a matsayin mutum, a aike shi, a ba shi amana, a zaunar da shi cikin manya.

Abu Yasir (Jidda):
Baba, 'yan shekara 10 zuwa 15 ɗin nan su ne suka fi ba ni tsoro, kuma su ba kati ne zai riƙe su ba, ba kuma zama cikin manya ba, don ba sa zama. Ƙwallo ce ke riƙe su. A bayan layinmu kullum da yamma suna bugawa, kuma abin da ke fita daga bakinsu in an yi wa ɗaya ƙeta ba ya faɗuwa, har da zagin iyaye. Ana kiran Magariba suna ci gaba. Ba wanda ke kansu. Da za a samu babba ɗaya ya tsaya musu alƙali, wanda ya yi ashar ya fita minti 5, wanda ƙwallo ta taɓa hannunsa ya faɗa da kansa a yaba masa, ana kiran sallah a ɗauke ƙwallo a tafi tare, da an yi aiki babba. Ni shago ba ya barina sai Asabar. Mutanen Jidda da ke nan, akwai wanda zai iya karɓar Talata da Alhamis?